Tafiya da Yara da Karatun Tsakar Gida

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron ƙungiya na shekara)



Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiyarmu da 'yan kwamitinsa, iyayenmu malamai waɗanda Allah Ya ja kwanansu har suka ga furfurar yaran da suka yi wa bulala, yayyenmu da suka riga mu fita, 'yan ajinmu, da ƙannenmu da muka bari suna sharar ɗakin kwana, ina gaishe ku gaba ɗaya, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Kwamitin shirye-shirye ya ba ni rabin awa in yi magana a kan tafiye-tafiye da iyali, da kuma koyar da yara a gida. Ina jin an zaɓe ni ne saboda aikin safiyo da na yi shekara talatin da 'yan kai, aikin da ba shi da ofis sai gefen hanya da bakin gona. Ni ba malamin makaranta ba ne, saboda haka in na yi shisshigi a fagen malamanmu su yafe mini. A gabansu har yanzu ɗan aji ɗaya nake.

Maganata guda ɗaya ce. Kusan kowannenmu yakan ɗebi iyali a mota sau biyu ko sau uku a shekara, ko don Sallah, ko biki, ko gaisuwar rasuwa. An riga an sayi man, an riga an ba da yinin. To, wannan tafiya darasi ce da aka riga aka biya kuɗinta, amma mafi yawanmu muna barinta ta wuce haka nan: uba na tuƙi yana sauraron labarai, uwa na gyangyaɗi, yara a baya kowa ya sunkuya a kan waya har a isa.

Ku tuna yadda mu muka san ƙasar nan. A bayan motar katako muka san ta, a kan buhunan hatsi, ko kuwa a tagar jirgin ƙasa, ranar komawa makaranta da ranar hutu. Motar takan tsaya a kowane gari, don haka babu garin da ba mu san sunansa da abin da ake talla a tasharsa ba. Ran da malaminmu na labarin ƙasa, wanda ga shi can zaune yana murmushi, ya zana mana kogin Kaduna a kan allo, mun riga mun haye gadarsa da ƙafarmu. 'Ya'yanmu da jikokinmu kuwa an haife su a Kaduna da Abuja da Legas. Bugu da ƙari, sun taso a lokacin da aka yi shekara fiye da goma babu darasin tarihi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin mayar da shi. Akwai makarantun kuɗi da har yau suke cin tarar yaron da ya yi Hausa a aji. Wannan kam ba sabon abu ba ne, mu ma an rataya mana allon kwali a wuya saboda ita, amma mu in an yi hutu gida muke komawa mu tarar da Hausa tana jiranmu a zaure. Yaron yau da yawa ba shi da wannan zauren. Sakamakon shi ne za ka sami yaro ɗan shekara 12 ya san sunan filin wasan Arsenal, amma bai san sunan unguwar da aka binne kakansa ba, kuma in kakarsa ta yi masa magana sai ya waiwayi uwarsa ta fassara. Ranar da aka zo rabon gado, ko aka zo nuna iyakar gona, wannan yaro baƙo ne a gidan ubansa.

Bari in ɗauki hanyar da na fi bi, watau daga Kaduna zuwa Daura ta Zariya da Kano, in nuna abin da ke kwance a kanta. Kowa sai ya auna da tasa hanyar.

Darasin yakan fara ne tun daren jajibirin tafiya. A ba yaro farar takarda da fensir, a ce ya zana hanyar da za a bi, ya sa garuruwan da ya tuna. Kada a ba shi taswira tukuna, kada kuma a bari ya buɗe ta waya. Zai sa Kaduna, ya sa Kano, tsakaninsu fili fetal. Gobe a mota aikinsa shi ne cike wannan fili: Mararrabar Jos, Jaji, Zariya, Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, Ciromawa, Kura. Wanda ya ɗan tasa a ba shi lissafi. Daga Kaduna zuwa Kano kimanin kilomita 230 ne. In muna gudun kilomita 80 a awa, ƙarfe nawa za mu isa? In motar tana shan lita ɗaya a kowace kilomita 10, lita nawa za mu sha, kuma nawa ke nan a kuɗin da muka ga an rubuta a gidan mai? Yaron da ke kuka da lissafi a aji za ka ga ya dage a kan wannan, don yana so ya kama babansa da kuskure. Sa'an nan in an isa a makare, sai a tambaye shi ina sauran mintocin suka tafi, ya lissafa shingayen hanya da tsayawar salla da sayen rake.

A Zariya, ko ba a shiga birni ba, ga dutsen Kufena nan ana hange. In da hali a ratse a ga babban masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a ƙarni na 19. An kewaye shi da sabon gini, amma bakan gizon da ya ɗaura suna ciki. A bar yaro ya ɗaga kai ya duba, a tambaye shi yaya aka yi ƙasa da azara suka riƙe wannan rufi babu siminti babu rodi. Ba lalle ne uba ya san amsar ba. Ya isa a ce an koma mota ana gardama a kanta. A Zariya ɗin ne kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma editanta Abubakar Imam, da ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta abin da ya gani a littafin da ya sa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ashe ba yau aka fara abin da nake faɗa ba.

Abin da na fi so yara su lura da shi a wannan hanya shi ne itatuwa da ƙasa, wataƙila don nan ne sana'ata. Daga Kaduna zuwa Zariya ƙasa ja ce mai nauyi, gonaki masara da dawa, ga ɗorawa da kaɗanya da mangwaro. Da ka wuce Kano ka doshi Ɗambatta da Kazaure sai ƙasa ta fara haske tana komawa jigawa, gero ya karɓe gona, kuka da goruba da aduwa da gawo su yawaita. Dalili kuwa ruwan sama ne, yana raguwa kana yin arewa. Wannan shi ne babi guda cur na littafin labarin ƙasa, ga shi a taga kyauta. Ni nakan sa gasa: wanda ya fara ganin kuka goma yana da tsire a Kano. Kafin a kai ga goma sun koyi bambanta kuka da rimi.

Gawo kuwa ya cancanci a tsayar da mota dominsa. Yawancin itatuwa suna fid da ganye da damina su zubar da rani, shi kuwa ya juya wa abin baya. Da damina za ka gan shi tsirara kamar ya mutu, da rani kuma, lokacin da ko'ina ya bushe, shi ke da kore shar. Tambayi yaro: me manomi zai ƙaru da wannan? In ka ba shi lokaci zai gano da kansa. Da damina ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar ya zama taki, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na sauran gona tsawo. Da rani dabbobi su sami inuwa da 'ya'yansa su ci, su bar kashinsu a wurin, taki ya ƙaru. Saboda haka ne manoma ba sa sare shi, har sarakunan Damagaram na da suka kafa doka mai tsanani a kansa. Yaron da ya gane gawo ya gane abin da ake ta taro a manyan otal ana kira kare muhalli.

Kafin Kano akwai Kadawa da Kura. In da rani ne, yaro zai ga shinkafa da tumatir da alkama kore a tsakiyar fari, ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan. Daga ina ruwan? Daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan yana biyo magudanai da kansa saboda gangare. A nuna masa magudanar, a gaya masa cewa tumatirin miyar da ya ci a Legas mai yiwuwa daga nan ya tashi.

Kano ba a gama ta a yini ɗaya, kuma kada a gwada. Kuskuren da iyaye kan yi shi ne su jera wurare shida a rana guda, yara su gaji, su tsani abin. Wuri ɗaya ko biyu ya isa kowace tafiya. In ɗaya za a zaɓa, a hau Dala da sassafe. Daga can yaro zai ga Goron Dutse, ya ga babban masallaci da gidan Sarki, ya ga yadda birni ya malala ya haɗiye ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce. Abin da ya rage na ganuwar kaɗan ne, gine-gine da masu ɗibar ƙasa sun cinye saura, kuma gara yaro ya ga ragowar da idonsa tun tana nan. A gindin dutsen masu bincike sun sami burbushin narkar da tama da ya kai ƙarni na 7, watau mutanen wurin suna ƙera ƙarfe tun kafin a yi sarautar Bagauda. Wata tafiyar a je Gidan Makama da kasuwar Kurmi, waɗanda duka ake danganta su da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Wata kuma a je marinar Ƙofar Mata. A can ina roƙonku ku bar yaro ya tsaya ya kalli abu guda: in marini ya tsamo zane daga ruwan baba, yakan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Malamanmu na kimiyya sun sha wahala suna bayyana mana aikin iska a kan sinadari da alli a kan allo. Ga shi nan a bakin rami, marini yana yi yana hira.

A Daura kowa ya san rijiyar Kusugu za a nufa. Mai kula da wurin zai ba da labarin Bayajida da macijiya da Sarauniya Daurama, da yadda ba a samun ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da 'ya'yan Bawo da Hausa Bakwai. A bar yara su ji shi yadda ake ba da shi, su sha ruwan. Amma in sun yi tambaya kada a kwaɓe su. Wata jikata 'yar shekara 9, muna fitowa daga ɗakin rijiyar, ta ce mini: "Kaka, in Bayajida ne ya haifi Hausawa, to Daurama da mutanen da ya tarar wane yare suke yi?" Na gaya mata cewa tambayar nan tata manyan malaman tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, sun yi ta, kuma sun nuna labarin ba zai zama asalin Hausawa ba, tun da shi kansa labarin ya ce baƙon ya tarar da gari da sarauniya, har da maƙeran da suka yi masa wuƙa a Gaya. Ya fi kama da labarin asalin gidajen sarauta. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce to macijiyar fa? Na ce wannan sai mu tambayi kakarki. Abin da nake so mu lura shi ne, yaro yana iya girmama labarin kakanninsa kuma ya auna shi, in dai babba bai nuna masa cewa tambaya rashin kunya ba ce.

Daga Daura iyakar Nijar 'yar tafiya ce kaɗan. Ko ba a haye ba, yana da kyau yaro ya san cewa mutanen Damagaram da Maraɗi Hausarsu suke yi, da yawanmu ma muna da dangi a can, kuma Ingila da Faransa ne suka ja layin a farkon ƙarni na 20. Mai komawa ta Katsina kuma ga hasumiyar Gobarau, ga ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne.

To, an isa gida. A nan ne babban ɗakin karatun yake, watau tsofaffi. Kowane gida a cikinmu yana da wata gwaggo ko wani baffa da ya san wanda ya haifi wane har kaka bakwai, ya san shekarar da aka yi fari, da shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, da inda tsohuwar kasuwa take. Muna gaishe su, mu ajiye musu turmin atamfa da goro, mu fita zaure wajen abokai. A maimakon yara su bi mu, a ba babbansu littafin rubutu a ce ya zauna wajen gwaggo ya rubuto sunayen kakanni da garin da kowa ya fito. A nan wayar ma tana da amfani, a ɗauki muryar tsohuwar, da izininta. Na san gidajen da yau ba su da abin da suka fi ji da shi kamar irin wannan murya ta wadda ta riga mu gidan gaskiya. A wajen wannan zama ne yaro zai koyi cewa ƙanin uba baffa ne, ɗan'uwan uwa kawu, 'yar'uwar uba gwaggo, 'yar'uwar uwa inna, kuma ɗan kawu da ɗan gwaggo taubasai ne, akwai wasa tsakaninsu. Turanci ya tattara duk waɗannan ya zuba a kalma biyu ko uku, shi ya sa yaranmu suke kiran kowa anti da ankul, har mai gadi.

In kaka ce, a tura su gona su ga yankan gero da ɗaurin dami da yadda ake zuba shi a rumbu. In dare ya yi, tun da ƙauye ba hasken lantarki da zai kashe sama, a shimfiɗa tabarma a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, wadda takan fito sarai da hunturu, a nuna musu Zara kusa da wata. A sa su duba wata kowane dare su zana siffarsa har ya cika ya ragu. Daga nan sunayen watanni za su zo da kansu, da dalilin da ya sa ake ce wa Muharram watan cika-ciki, Rajab kuma azumin tsofaffi.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu: wane, kana magana kamar ba a ƙasar nan kake ba. Ina sane. Hanyar Birnin Gwari da wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato ba wuraren da mai hankali zai kai yara yawon buɗe ido ba ne. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wanda muka ɗauka mafita ce, an kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane aka sace wasu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma, tafiyar da ake yi sau uku ta koma sau ɗaya a gidaje da yawa. Ba na ce kowa ya jefa iyalinsa cikin haɗari don ya ga dutse ba. A tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a tashi, su suka fi kowa sani, a yi tafiyar rana, a sauka kafin magariba. Wanda yake da hali da natsuwar hanya ya kai yara Yankari su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, su biya kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauci, ko ya kai su Argungu su ga gidan tarihin Kanta da kogin Matan Fada. Wanda ba shi da hali, garin da yake zaune ya ishe shi. Mazauna Kaduna nawa ne a nan suka taɓa kai yaro Gidan Arewa, inda Sardauna ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966? Nawa ne suka nuna wa yaro 'yar gadar ƙarfen Lugga da aka ciro daga Zungeru aka kafa a lambun Gamji? Kuɗin Keke Napep ne kawai. Kasuwar hatsi, maƙera, majema, tashar jirgin ƙasa, wurin masu saƙar tabarma, duk makarantu ne, kuma masu sana'a suna jin daɗi in yaro ya gaishe su da ladabi ya tambaye su aikinsu.

Wani abu kuma da zan faɗa ko da zai sosa wa wasu rai: in za a fita irin wannan yawo, maza ake ɗiba a bar mata a gida suna wanke-wanke. Tambayar da ta fi kowace kaifi da aka taɓa yi mini a Kusugu, kun dai ji wadda ta yi ta.

Yanzu in juyo tsakar gida. A Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, yara suka yi wata shida ko fiye a gida, jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma ba da darasi ta rediyo. A lokacin ne iyaye da yawa suka fara zama da 'ya'yansu da littafi, suka gano cewa yaron da ke zuwa na uku a aji ba ya iya karanta shafi guda ya faɗi abin da ya karanta. Da aka buɗe makarantu sai muka koma gidan jiya, muka ɗauko malamin lesin. Ba ni da faɗa da masu lesin, suna neman halalinsu. Amma yaro ya tashi daga boko ƙarfe biyu, ya tafi Islamiyya ƙarfe huɗu, ya dawo ya tarar da mai lesin yana jiransa da irin aikin da ya baro a aji, wannan ɗura ce, kuma ɗura ba ta sa ƙiba. Abin da gida zai ba yaro daban yake da na aji.

Alal misali, kuɗin da ke aljihunku. A zube takardun naira a kan tabarma. Wane ne a kan naira 5, in har akwai mai ita a zamanin nan? Tafawa Ɓalewa. A kan 200? Sardauna. A kan 20 ga Murtala Muhammed, a juya bayanta ga wata mace tana ginin tukunya: Ladi Kwali ce, wadda tukwanenta suka kai ta har Turai da Amurka, ta rasu a 1984. A bayan naira 10 ga matan Fulani da ƙoren nono. Sa'an nan a nuna wa yaro rubutun da ke kan 200 da 500 da 1000, a ce ya karanta. Zai ce Larabci ne. A ce ya dai karanta, ai yana zuwa Islamiyya. In ya haɗa baƙaƙen ya ji bakinsa ya furta Hausa, za ku ga yadda idonsa zai buɗe. Daga nan sai a gaya masa wannan shi ne ajami, da shi kakanninsa suke rubuta wasiƙa da waƙa tun kafin zuwan boko, kuma an cire shi daga ƙananan takardun a 2007. Hira ce ta dare guda, ta ƙunshi tarihi da karatu da siyasa.

Madafa ma aji ce, kuma iyaye mata su ne malamanta. A ba yaro mudu ya auna buhun da aka sayo, ya rubuta mudu nawa ya samu, ya raba kuɗin buhu da su, ya kwatanta da farashin mai awo na bakin layi. A ba shi kuɗin cefane da jerin abin da za a sayo, ya dawo da canji da bayani. A sa shi shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin gado, ya riƙa auna tsawonsu da rula kowace safiya. In an ɗauke wuta, maimakon a tashi janareta nan da nan, a ba tatsuniya da kacici-kacici rabin awa, ko a haƙa gurabun dara a tsakar gida. Littattafan da muka karanta a nan makarantar, Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, har yanzu ana samunsu a kasuwa. Labari ɗaya kowane dare, yaro ya karanta da ƙarfi, babba ya gyara masa ƙa da ɗa da ɓa. Bayan kowace tafiya kuma, ya rubuta shafi ɗaya na abin da ya gani, rabi da Hausa rabi da Turanci, a liƙa taswirar da ya zana a gefe. Kada a sa masa maki da jan biro. A karanta a gaban kowa bayan cin tuwo, a tafa masa.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo. Saura roƙo uku ga ƙungiya. Na farko, muna da 'yan'uwa a kusan kowane babban gari na Arewa. A buga a mujallarmu sunan wanda ya yarda ya zama jagora a garinsa, don in ɗayanmu ya zo da yara ya sami wanda zai gaya masa halin hanya, ya kuma raka shi inda ya kamata. Na biyu, a hutun ƙarshen shekara mai zuwa mu haɗa kuɗi mu ɗauki bas ɗaya ko biyu, mu kawo 'ya'yanmu da jikokinmu nan makarantar su ga ajin da muka zauna da rijiyar da muka ja ruwa, sa'an nan a wuce da su wuri ɗaya na tarihi mafi kusa, tafiyar yini guda, a dawo kafin la'asar sakaliya. Malamanmu na tarihi da labarin ƙasa da suka yi ritaya, in lafiyarsu ta yarda, su zauna a kujerar gaba, a ba su lasifika, ƙungiya kuma ta sallame su sallama ta mutunci. Na uku, editan mujalla ya ware shafi biyu a fitowa ta gaba don abin da yaran za su rubuto. Ni na ɗauki nauyin man bas ɗaya, kuma ma'aji yana iya rubutawa tun yanzu kafin in canja ra'ayi.

 Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka rasu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.